Idan Na'urori Suka Fara Magana da Juna a Fagen Daga, Wa Ke Riƙe da Kunamar Bindiga?

Tambaya: Ana ta cewa yaƙin gaba na na'urori ne masu basira da ke haɗe da juna ta hanyar sadarwa. Shin da gaske za su maye gurbin sojoji? Kuma ƙasar da ta fi tara irin waɗannan na'urori ita ce za ta riƙa cin yaƙi?

Amsa: Malam, ga gajeren bayani kafin dogon. Na'ura ba za ta kori soja daga fagen daga nan kusa ba, domin har yau ba a riƙe gari sai mutum ya taka ƙasarsa ya kwana a ciki. Yawan na'ura kuma ba shi ke cin yaƙi ba. Abin da ke canjawa da gaske, wanda ya fi tayar mini da hankali a matsayina na mai aikin sadarwa da tsaron na'urori, shi ne hukuncin harbi yana ta gusawa daga hannun mutum zuwa cikin manhaja, taki bayan taki, ba tare da wata gwamnati ta zauna ta ce yau ce ranar da muka miƙa shi ba. Bari in nuna maka yadda hakan ke faruwa.

Kowane hari, tun zamanin kwari da baka, aiki uku ne: a ga abokin gaba, a yanke shawarar bugunsa, a buge shi. A da duka ukun suna jikin mutum ɗaya, ido da kai da yatsa. Sadarwa ce ta zo ta raba su, ta watsa kowanne wurinsa daban. Idon yana iya zama tauraron ɗan'adam, ko ƙaramin jirgi mara matuƙi, ko makirufo da aka ɗaure a kan dogon ƙarfe, ko na'urar da ke sauraron siginar rediyo. Kan yana iya zama kwamfuta a wani ɗaki mai nisan ɗaruruwan kilomita. Yatsan kuma yana kan igwa ko makami mai linzami da bai taɓa ganin abin da zai buga ba. Masu wannan sana'a suna kiran abin sarƙa, kuma gasar da manyan rundunoni ke yi a yau a kan abu ɗaya take: wa zai fi gajarta lokacin da ke tsakanin gani da bugu. Wani hafsan sojan saman Amurka, John Boyd, ya daɗe da koyar da cewa wanda ya riga abokin karawarsa lura da yanke shawara da aikatawa, shi ke juya shi yadda ya so. Na'urori masu haɗe da juna ƙoƙari ne na ɗora wannan darasi a kan inji.

Tunanin ya girmi intanet ɗin da muka sani. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, Amurka ta gudanar da wani shiri mai suna Igloo White. Jiragenta suka riƙa jefa dubban ƙananan na'urori a kan hanyar Ho Chi Minh, wadda Biyetnam ta Arewa ke bi ta dazukan Laos tana kai wa mayaƙanta kaya a kudu. Wasu na'urorin suna jin girgizar ƙasa idan mota ta wuce, wasu suna ɗaukar sauti, kuma an ƙera da yawansu da siffar tsiro don kada ido ya gane su. Jirage masu shawagi a sama suna karɓar saƙon, su tura shi wata cibiya a Nakhon Phanom cikin ƙasar Tailan, inda kwamfutocin IBM ke lissafa wurin da ayarin motoci yake, sannan a aika masu jefa bom. Duk abin da ake tallatawa yau yana cikin wannan shiri, sai dai ƙarfin kwamfutar lokacin bai kai na wayar hannunka ba. To me mutanen da ke ƙasa suka yi? Suka gano na'urorin, suka riƙa kora dabbobi ta kusa da su, suna kunna faifan ƙarar mota a inda babu mota, bama-bamai suna sauka a daji babu kowa. Kaya suka ci gaba da wucewa, har a 1972 Arewa ta kai babban farmaki kudu da tankokin yaƙi. Ina so ka riƙe wannan labari da kyau, domin darasinsa bai tsufa ba: duk na'urar da ke gani ana iya nuna mata ƙarya. A yaƙin Rasha da Yukiren ma an ga ɓangarorin biyu suna sassaƙa motocin harba rokoki na katako, suna hura tankokin roba, don abokin gaba ya ƙarar da makami mai tsada a kansu.

Bayan wancan, abin ya bi hanyarsa. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 GPS, tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, ya nuna amfaninsa a cikin hamada. A 1998 Arthur Cebrowski, wani babban hafsa a sojan ruwan Amurka, tare da John Garstka, suka fito da hujjar cewa ƙarfin runduna zai koma kan yadda sassanta ke musayar bayani. Jirage da jiragen ruwan ƙungiyar NATO sun daɗe suna raba hoton sararin sama ta hanyar sadarwar da ake kira Link 16. A 2017 sashen binciken sojan ƙasa na Amurka ya kafa shirin nazarin intanet na kayan fagen daga, Jami'ar Illinois tana jagorantar wasu jami'o'i a ciki. A shekarar ce kuma aka fara Project Maven, don ƙirƙirarriyar basira ta riƙa tantance hotunan da jirage marasa matuƙi ke ɗebowa, saboda hotunan sun fi ƙarfin idon masu kallo.

Amma inda aka ga abin a aikace, a gaban kowa, shi ne Yukiren tun daga 2022. Sojojinta suna da wata manhaja mai suna Delta, wadda ke tattara abin da jirage marasa matuƙi da taurarin ɗan'adam da masu leƙen asiri suka gani, ta zuba shi a taswira ɗaya da kwamanda zai buɗe a wayar hannu ko kwamfutar tafi-da-gidanka. Sun kuma kafa dubban makirufo masu araha a faɗin ƙasar, kowanne haɗe da sadarwa, suna sauraron ƙugin jiragen Shahed marasa matuƙi da Rasha ke harbowa. Makirufo ɗaya bai san komai ba sai cewa wani abu ya wuce. Idan ɗari suka ba da labari a jere, kwamfuta ta san hanyar da jirgin ya bi da saurinsa, sai a tura wa motar masu bindiga inda za ta tare shi. A nan za ka ga dalilin da ya sa na ce yawan na'ura ba shi ne magana ba. Ƙarfin yana cikin haɗin.

Sakamakon farko shi ne ɓuya ta yi wuya. Tara sojoji da motoci wuri ɗaya kusa da bakin daga ya zama kiran ajali. Kuma duk abin da ya yi magana ta iska ya faɗi inda yake. A daren shiga 2023 rokoki suka faɗa wa wani gini a Makiivka, a gabashin Yukiren, da sojojin Rasha ke kwana. Ma'aikatar tsaron Rasha ta amsa cewa 89 sun mutu, ta kuma ɗora laifin a kan wayoyin da sojojin suka kunna, ko da yake ko a cikin Rasha akwai waɗanda suka ce kwamandojin da suka cusa mutane wuri ɗaya ne ya kamata a tuhuma. Tun kafin nan, a Janairun 2018, an gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana zana sansanonin soja a Afganistan da Siriya, saboda sojoji suna gudun safe da agogon lissafin taku a hannu. Babu wanda ya yi kutse. Na'urorin sun yi aikin da aka ƙera su don shi ne kawai.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Idan ƙarfi yana cikin haɗin, to haɗin shi abokin gaba zai fara nema. A safiyar 24 ga Fabrairun 2022, kafin tankokin Rasha su tsallaka iyaka, an kai harin kutse a kan hanyar tauraron ɗan'adam ta kamfanin Viasat da Yukiren ke amfani da ita. Dubun-dubatar na'urorin karɓar sigina suka mutu, kuma ɓarnar ta fantsama har Jamus, inda injinan samar da lantarki daga iska kusan 5,800 suka rasa hanyar sa musu ido daga nesa. Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun ɗora alhakin a kan Rasha. A bakin daga kuwa kutse ma ba a buƙata. Siginar GPS tana isowa ƙasa a raunane, daga nisan kilomita kusan dubu ashirin, don haka na'ura mai ƙarfi kaɗan a kusa tana iya danne ta da hayaniya, ko ta aika mata siginar bogi har jirgi ya ɗauka yana wani wurin daban. Cibiyar nazarin tsaro ta RUSI da ke Landan ta ƙiyasta a 2023 cewa Yukiren na rasa jirage marasa matuƙi kusan 10,000 a wata, kuma toshe sigina na da babban hannu a ciki. Harsasan igwa na Excalibur, masu bin GPS, sun fara da dacewa sosai, daga baya Rasha ta koyi rikita su har amfaninsu ya ragu ƙwarai.

Injiniya da aka toshe wa sigina hanya biyu gare shi. Ta farko ya daina bin iska gaba ɗaya. Shi ya sa tun 2024 ake ganin jirage marasa matuƙi masu jan siririn zaren gilashi a bayansu, tsawon kilomita goma ko fiye, hoto da umarni suna bi ta cikin zaren. Babu mai toshe wannan, sai dai zaren yana da iyaka, yana ƙara nauyi, yana kuma sarƙewa a bishiya. Hanya ta biyu ita ce ya ce wa na'urar: idan kika daina jin muryata, ƙarasa aikin da kanki. A wannan ƙofa ce cin gashin kai ke shigowa. Matakin farko yana da sauƙin karewa: matuƙi ya ga tanka, ya zaɓe ta a allo, jirgin ya riƙe hotonta ya ƙarasa mita ɗari na ƙarshe ko da sigina ta yanke. Mutum ne ya zaɓa, ba gardama. Mataki na biyu, abokin gaba ya faɗaɗa toshewar zuwa kilomita da yawa, sai a ce wa jirgin je wancan fili, duk abin da ya yi kama da tanka buge shi. Mataki na uku, a saki guda hamsin su raba filin a tsakaninsu. A kowane mataki akwai dalili mai kyau na soja, kuma wanda ya ƙi takawa yana ganin yaransa suna mutuwa a hannun wanda ya taka. Abin da nake nufi ke nan da na ce babu ranar da aka miƙa hukuncin. Toshe sigina ne ke tura shi cikin na'ura.

Kayan aikin ma sun riga sun samu. A Oktoban 2016 sojan Amurka ya saki ƙananan jirage 103 masu suna Perdix daga jiragen yaƙi a Kalifoniya, suka tsara tafiyarsu a tsakaninsu babu jagora ɗaya. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya, wanda ya fito a 2021, ya ce a 2020 an bi mayaƙan Khalifa Haftar, jagoran dakarun gabashin ƙasar, masu ja da baya da makamai irin su Kargu-2 ƙirar Turkiyya, waɗanda aka tsara su kai hari ba sai suna haɗe da mai sarrafa su ba. Rahoton bai ce sun kashe wani a wannan yanayi ba, amma ya isa ya nuna inda aka dosa.

To mece ce wannan basira da za a damƙa wa rai? Manhaja ce da aka nuna wa hotuna masu ɗimbin yawa har ta koyi cewa irin wannan siffa ana kiranta tanka, irin waccan motar ɗaukar kaya. Tana da sauri, ba ta gajiya, ba ta jin tsoro ko haushi, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Sai dai abin da ta sani kama ce kawai. Idan aka horar da ita da hotunan rani, dusar ƙanƙara na iya rikita ta. An ga jiragen yaƙin Rasha a filinsu an jera musu tayoyin mota a kan fukafukai, kuma masana da dama sun fassara hakan da yunƙurin ɓata siffar da manhaja ke nema. Abin da ya fi wannan girma, dokar yaƙi ba siffa take tambaya ba. Tana tambaya ne: wannan mutum ya miƙa wuya? Ya ji rauni har ya fita daga faɗa? Ɓarnar da za a yi wa farar hula ta wuce amfanin harin? Waɗannan hukunci ne da ke buƙatar fahimtar halin da ake ciki, kuma manhajar da ke gane siffa ba ta da wannan fahimta.

Za ka ji ana cewa kada a damu, akwai mutum a cikin sarƙar, shi ke danna amincewa. Wannan magana ce da nake so a riƙa bincika ta sosai. A yaƙin Iraƙi na 2003 makamin kare sararin sama na Amurka, Patriot, ya harbo jirgin Tornado na ƙawarta Birtaniya, mutum biyu suka mutu, bayan kwanaki kuma ya harbo jirgin F/A-18 na sojan ruwan Amurka, matuƙin ya mutu. Akwai mutane zaune gaban allo a lokutan biyu. Amma na'ura ta ce ga makami yana tafe, lokaci ƙanƙane ne, kuma an horar da su a kan su yarda da ita. Mutumin da aka ba daƙiƙoƙi kaɗan, ba shi da wata hanyar gani sai allon da na'urar ta zana masa, sa hannu kawai yake yi a kan hukuncin da aka riga aka yanke. A Afrilun 2024 mujallar +972 ta ruwaito daga bakin wasu jami'an leƙen asirin Isra'ila cewa wata manhaja mai suna Lavender ta jera sunayen mutanen Gaza har kusan 37,000 a matsayin waɗanda ake zargi, kuma wasu jami'an kan ba kowane suna kimanin daƙiƙa 20 kafin su amince. Rundunar Isra'ila ta musanta, ta ce rumbun bayanai ne kawai kuma mutane ke tantancewa. Ko wanne ka ɗauka, tambayar da ta fito fili ita ce daidai: idan inji yana fitar da sunaye fiye da yadda mutum zai iya bincika, kasancewar mutumin ta tsare me?

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Mutane ma suna kuskure mai muni. A 29 ga Agustan 2021 jirgin Amurka mara matuƙi ya buge wata mota a Kabul bayan mutane sun shafe sa'o'i suna bin ta da ido. Farar hula 10 suka mutu, bakwai yara ne, kuma abin da aka ɗauka bama-bamai jarkokin ruwa ne. Amurka ta amsa kuskurenta daga baya. Masu goyon bayan na'ura suna kawo irin wannan hujja, kuma ba ta banza ba ce. Bambancin da nake gani shi ne kuskuren mutum nasa ne shi kaɗai, ana iya kiransa a tambaye shi, na kusa da shi kuma yana iya cewa dakata. Kuskuren manhaja yana cikin kowane kwafi nata. Idan ta ɗauki motar asibiti a matsayin motar soja, duk jirage dubu da ke ɗauke da ita haka za su gani, a rana ɗaya.

Sai batun sauri idan inji ya haɗu da inji. A 6 ga Mayun 2010 manhajojin saye da sayarwa a kasuwar hannun jarin Amurka suka riƙa amsa wa juna har ma'aunin Dow Jones ya faɗi da maki kusan dubu cikin mintuna. Kasuwa tana da hukumar da za ta dakatar da ciniki, ta soke wanda aka yi bisa kuskure. Rundunoni biyu masu gaba da juna ba su da wannan alƙali. A 26 ga Satumban 1983 na'urar gargaɗin Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ga adadin ya yi kaɗan ga wanda ke son fara yaƙin nukiliya, ya kai rahoto cewa ƙarya na'urar ta yi, kuma haka ne: hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron. Wannan ɗan jinkiri na mai shakka shi ne ainihin abin da ake ƙoƙarin cirewa idan ana gajarta sarƙa. Na ji daɗi da shugabannin Amurka da Sin suka amince a Lima a Nuwamban 2024 cewa hukuncin amfani da nukiliya ya zauna a hannun mutum, sai dai magana ce ta baki, kuma nukiliya kaɗai ta shafa.

Akwai wani ɓangare da mutane ba su cika kawowa ba, alhali shi ya fi kusa da kowa. Wannan sadarwa ba ta tsaya a kayan soja ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubun-dubatar kyamarorin tsaro da na'urorin intanet na gida waɗanda ba a canja musu kalmar sirrin da suka zo da ita ba, ta haɗa su ta kai hari har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. A Yukiren hukumomi sun gargaɗi jama'a cewa ana kutsa kyamarorin kan titi da na gidaje don leƙen inda makaman kariya suke. A 17 ga Satumban 2024 dubban na'urorin karɓar saƙo da 'yan Hizbullah ke ɗauka suka fashe lokaci guda a Lebanon, washegari na'urorin oba-oba suka biyo baya. Mutane da dama suka mutu har da yara, dubbai suka jikkata, kuma Isra'ila ta amsa cewa aikinta ne. Tun wurin ƙira aka dasa abin fashewar. A 1 ga Yunin 2025 Yukiren ta ce ta harba jirage marasa matuƙi 117 da aka shigar Rasha a ɓoye, daga cikin manyan motoci, suka buge jiragen yaƙi har a Saibiriya, kuma an ruwaito cewa ta layin wayar salula na Rasha aka sarrafa su.

Ka ga abin da wannan ke jawowa. Idan hasumiyar waya tana ɗauke da kiran asibiti da kuma umarnin jirgin yaƙi, abokin gaba zai ce halas ne ya rushe ta. Idan gwamnati ta ba jama'a manhajar da za su riƙa turo hoton motocin abokan gaba, kamar yadda Yukiren ta yi, mai wayar yana iya shiga haɗari bai sani ba, domin ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya ce farar hula yana rasa kariyarsa a tsawon lokacin da yake shiga faɗa kai tsaye. Ina fahimtar mutumin da aka mamaye garinsa yana son taimakawa. Amma wajibi ne a gaya masa abin da ya ɗauka, kuma sojan mamaya da ya fara kallon kowace waya a matsayin makami zai cutar da waɗanda ba su tura komai ba.

Game da tambayarka ta biyu, ƙasar da za ta fi cin moriya ita ce wadda ke iya gyara manhajarta cikin makonni, domin dabarar da ta yi aiki bana tana mutuwa kafin baɗi. Wadda ke iya ƙera mai araha da yawa ta jure asararsa. Wadda kuma sojojinta suka iya faɗa ranar da allo ya mutu. Araha ta riga ta sauya lissafi: a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 jiragen ruwan Amurka sun sha harba makamin da ya haura dala miliyan ɗaya don kakkaɓo jirgi mara matuƙi da bai kai kusa da wannan kuɗi ba, kuma Yukiren da ba ta da rundunar ruwa ta a zo a gani ta nutsar da jiragen ruwan Rasha da kwalekwale marasa matuƙi. Ga mai saye daga waje kuma akwai tarko. Wanda ya hau dokin aro, inda mai doki ya ce a sauka nan ake sauka. Elon Musk da bakinsa ya faɗa a 2023 cewa ya ƙi buɗe Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam na kamfaninsa, a kusa da Sevastopol, mazaunin jiragen ruwan Rasha a Kirimiya, lokacin da Yukiren ta nema don kai hari. Ɗan kasuwa ɗaya ya yanke wa ƙasa mai yaƙi iyakar inda hannunta zai kai. Duk rundunar da ta sayi na'urar da sabunta manhajarta da makullan sirrinta da taswirarta ke hannun wani, ta san cewa da izininsa take yaƙi.

Doka tana baya da nisa. Tun 2014 ake tattauna makamai masu cin gashin kai a Geneva, ƙarƙashin yarjejeniyar da sai kowa ya yarda ake zartar da abu, don haka ƙasa ɗaya tana iya riƙe kowa. A Oktoban 2023 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, da shugabar ƙungiyar Red Cross ta duniya, Mirjana Spoljaric, suka yi kira a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe kafin ƙarshen 2026, kuma a Disambar shekarar ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a kan batun. Amurka tana da ƙa'idarta ta cikin gida tun 2012, wadda ta sabunta a 2023, amma ba ta haramta irin waɗannan makamai ba, sharuɗɗan tantance su ta gindaya.

Ra'ayina, ina tare da matsayin Red Cross cewa a haramta na'urar da ke zaɓar mutum da kanta ta kashe shi, da wadda masu ita ba za su iya hasashen abin da za ta yi ba. Sauran kuma, irin masu tare rokoki da masu bugun tanka, a ɗaure su da iyakar wuri da lokaci. Zan ƙara wani sharaɗi daga ɓangaren sana'ata, wanda ba sai an jira manyan ƙasashe sun daidaita ba: kowace na'ura mai harbi ta riƙa ajiye bayanin abin da ta gani, da nau'in manhajar da ke cikinta a ranar, da sunan wanda ya sake ta, da daƙiƙoƙin da aka ba shi kafin ya amince, a ajiye shi yadda ba za a iya gogewa ba. Jiragen fasinja sun daɗe da irin wannan akwati, kuma da shi ake gano abin da ya jawo haɗari a gyara. Sashe na 36 na wancan ƙarin yarjejeniya na 1977 ya riga ya wajabta wa ƙasashe su binciki halascin kowane sabon makami, sai dai kaɗan ne aka san suna yi, kuma an rubuta shi ne lokacin da makami ba ya canja hali bayan an ƙera shi. Makamin da ake sabunta wa manhaja kowane wata yana buƙatar a sake bincikensa duk lokacin da aka taɓa yadda yake zaɓar abin bugu.